Lambun da ke Saman Ɗakin Inna

Da safiyar ranar ina goge wa Inna jiki, sai wani ɗan ɓarɓashi fari ya faɗo cikin kwanon ruwan. Ya ɗan yi yawo a sama, ya nutse. Ba ranar na fara ganin farin gari a bargonta ba. Na kwana biyu ina kakkaɓe shi ina zagin tsaka, don a tunanina ita ce ke kankare fenti. Amma ranar ce na fara ɗaga kai in duba.

Wani layi na gani a jikin rufin, siriri kamar zaren ɗinki. Ya taso daga kusurwa, ya bi ta saman gadon, har ya kusa kai wa ƙwan fitila. Gefensa ya yi duhu, alamar laima. 

"Inna, kin ga tsagar nan?"

Inna mahaifiyar mijina ce, Allah ya ji ƙansa. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita tun yana da rai. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana kuma sai ta jawo ta da ƙyar, kalma ɗaya bayan ɗaya. Da ya rasu dangi suka zauna shawarar inda za a kai ta, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa. Na ce a bar min ita. Ba wai na fi su kirki ba ne. Ni dai ban san yadda zan iya zama a gidan nan ni kaɗai ba.

Ko ɗaga ido ba ta yi ba.

"Tsohuwa ce," in ji ta. "Tun yana nan."

"Tun yana nan? Ni ban taɓa ganinta ba."

"Ba kya duba sama, 'yar nan. Juya ni bango."

Kwanan nan ta tsiro da wannan. Da a rigingine take kwana, a rigingine take yini, tana kallon masu wucewa ta taga. Yanzu kuma kullum sai in juya ta ta fuskanci bango, in tokare bayanta da matashi. Na ɗauka fushi take yi da ni don na rage zama kusa da ita. Na juya ta, na manna ta da bangon kamar yadda take so, na ja mata bargo. Na sake kallon layin. Maganarta ta yi min daɗi a kunne, shi ya sa na karɓa ba tare da musu ba. Na jawo ƙofar ɗakin na tafi shago.

Gidanmu rufin kankare ne. Marigayi ya zuba shi da niyyar ɗora bene, ya yi matakala ta waje, ya jera bulo zagaye da saman har ya kai gwiwa, sai rashin lafiya ta tare shi. Haka wurin ya tsaya, rodi a tsaitsaye suna tsatsa. A kusurwa ɗaya ya bar bututu ta cikin bulon, don ruwan sama ya samu hanyar sauka. In ba ta wannan bututun ba, babu inda ruwa zai bi. Ko bakin matakalar sai ka tsallake bulo kafin ka shiga.

Can nake hawa in yi kukana bayan rasuwarsa, don kada Inna ta ji. Wata rana ina zaune na ga wani ɗan tsiro a cikin ragowar yashin da magina suka bari. Na murza ganyensa na shinshina, tumatir ne. Ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya ba shi ruwa. Haushi ma ya ba ni. Washegari dai na hau da kofin ruwa.

Ni tela ce, ban taɓa shuka ko albasa ba. Na sayo iri, na samo buhuna uku na cika da ƙasa. Na binne irin alayyahu kamar mai ɓoye zinariya, kusan tsawon yatsa, na yi ta jira bai fito ba. Kuɓewa kuwa ruwa na yi ta ɗura mata har ta ruɓe. Na je na yi wa mai sayar da irin tas, na ce matacce ya sayar min. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in riƙa barbaɗawa sama-sama, kuma in huda gindin buhunan. Na tafi ba sallama, amma na yi abin da ya ce. Ran da alayyahu ya fito, kore shar, na sauko da gudu na gaya wa Inna kamar an yi min haihuwa.

Allah ya zuba min hali: in na kama abu ba na sanin inda zan tsaya. Buhu uku suka zama goma, goma suka wuce ƙirge. Attaruhu, latas, kuɓewa, tumatir. Rana tana ƙona su a tsakiyar rufin, sai na ja su duka zuwa ɓangaren da inuwar bishiyar maƙwabta ke faɗowa, na cunkusa su wuri ɗaya. Na hau da duro biyu na ruwa na ajiye kusa da su. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ɗakin wa ke ƙarƙashin wannan ɓangaren ba. Na sani mana, tunanin ne bai zo min ba.

Sai maganar Mai Wanki. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya muke, wankau take yi wa mutane, kuma ita ke leƙa min Inna in ina shago. Bututun nan kan igiyar shanyarta yake kallo. Duk ran da na yi ban ruwa, sai jan ruwan ƙasa ya tsiyayo ya sauka kan fararen kayan mutane.

"Ke Tela," ta ɗaga murya ta katanga, "rini kika koma ne? In rini ne ki faɗa min in kawo miki masu son ja!"

Gaskiyarta ce, sana'arta ce. Na ce ta kwantar da hankalinta. A shago na tattara ƙyallaye, na naɗe su tam, na ɗinke su cikin wani yadi mai kauri daidai faɗin bakin bututun. Har awo na yi. Na sa leda, na cusa, na bi da sanda na danna. Ko ɗigo bai ƙara fita ba. Don kada ya yi muni a ido, na jawo buhun tumatir ɗin da ya fi kowanne kyau na ɗora a bakin wurin. Lokacin rani ne, sama fes. Na ce in damina ta kusa zan cire. Na yaba wa kaina ƙwarai a kan wannan ɗinki.

Ranar da na ga tsagar kuwa, a shago na kasa aiki. Na ɗinka hannun riga a juye, na farke, na sake ɗinka shi a juye. In na rufe ido layin nan nake gani. Na ce da kaina in na tashi zan nemo magini ya duba, in ya so gobe a matsar da gadon. Gobe ba nisa.

Bayan azahar gari ya yi duhu farat ɗaya. Iska ta taso tana kwasar leda da takardu a titi, masu tebur suka fara tattara kaya. An yi 'yan yayyafi a kwanakin baya, waɗanda ko ƙura ba su kashe ba, na ɗauka irinsu ne. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da farko har murna na yi. Na ce yau na huta da ban ruwa.

Ina zaune a bakin keken ɗinki, almakashi a hannuna, ina kallon titi. Akwai wani bene da ke fuskantar shagona. Idona ya sauka kan bututunsa, yana feso ruwa da ƙarfi har tsakiyar hanya, kauri kamar cinyar mutum. Na yi ta kallonsa ban san me ya dame ni da shi ba. Can sai na gane. Duk wannan daga rufi ɗaya yake fitowa. Nawa rufin kuwa na toshe masa baki da hannuna.

Na kira wayar Mai Wanki, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na sake kira. Ban tsaya rufe shago ba, ban tsaya neman takalmi ɗaya da ya shige ƙarƙashin keke ba. Na faɗa cikin ruwan.

Babu abin hawa ko ɗaya, duk sun fake. Kwata ta cika ta haɗe da titi, ban san inda hanya ta ƙare rami ya fara ba. Na bi jikin shaguna ina gudu, zani ya manne min a ƙafa, ruwa yana dukan fuskata har ba na gani sosai. Wani daga cikin rumfa ya kira ni, "Tela, lafiya? Shigo ki fake!" Ban waiwaya ba. A raina lissafi nake yi wanda ban iya ba: buhun ƙasa busasshe ma sai ƙarti biyu suka hau da shi suna nishi, to jiƙaƙƙe fa? Ga duro biyu. Ga ruwa har gwiwa a faɗin rufin gaba ɗaya. Addu'a nake so in yi, bakina ya kasa haɗa ta. Sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Tun daga bakin ƙofar gida na ji ƙarar. Matakalar ta zama magudana, jan ruwa yana gangarowa da ganyen latas a cikinsa. Wato saman ya cika har ya tsallake bulo.

"Inna!"

Na murɗa hannun ƙofar ɗakinta na tura. Ba ta motsa ba. Ƙofar nan ba na kulle ta, ko makulli ba ta da shi. Na sa kafaɗa na banka, na sake bankawa. Daga sama ta cije, katakon ya matse da ginin kamar wani ya ɗora mata hannu ya danne. Nan take na gane abin da ke danne ta: nauyin rufin ne.

Na zagaya taga. Tagar tana da ƙarafa, marigayi ya sa su saboda ɓarayi, ko hannu da ƙyar yake shiga. Ɗakin ya yi duhu. Layin da na bari da safe kamar zare yanzu yatsa zai shiga cikinsa, kuma ya yi rassa. Ruwa yana zuba ta cikinsa a jere, kamar labule, daidai tsakiyar gadon. Ƙwan fitilar ya cika da ruwa. Inna tana nan yadda na bar ta, fuska a bango, bargon ya jiƙe sharkaf.

"Inna! Inna, kina ji na?"

Hannunta na hagu ya ɗaga kaɗan daga cikin bargon, ya koma.

Na ƙwalla ihu ina kiran Mai Wanki. Ta shigo da buhu a ka, ashe tana can tana kwashe shanya, wayar tana ɗaki. Muka haɗa kafaɗa muka banki ƙofar tare, ko gezau. Ta leƙa tagar, ta ja da baya tana salati, ta ruga ƙofar gida ta dawo.

"Na aika a kira maigidana daga wurin walda, ya zo da ƙarfe. Amma Tela, ruwan samanki ina yake zuwa? Bututunki ko ɗigo ba ya yi."

"Na toshe shi."

"Kin me?"

"Na toshe shi, Yaya! Saboda kayanki!"

 A lokacin ne rufin ya yi wata ƙara, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka busasshen kara. Mu biyu muka ji ta duk da ruwan.

"Ki ɗauko sandar shanyarki," na ce mata, "ki zagaya ta gidanki, ki zunguro shi ta waje. Zan hau."

"Ki hau ina? Ki ƙara masa nauyi? Kanki ɗaya kuwa?"

Kaina ba ɗaya ba ne, amma babu wanda ya san inda toshin yake sai ni. Na kama matakalar ina hawa da hannu da ƙafa, ruwa yana ture ni.

Saman ya zama tafki. Buhunan sun nutse, kan shukokin kawai ake gani, iska tana kaɗa su. Bokitina yana yawo a tsakiya. Kusurwar bututun tana can ƙarshe, kuma na san sarai abin da ke ƙarƙashinta: kan gadon Inna. Ban yarda na taka tsakiyar rufin ba. Na hau kan bulon gefe, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa ba, ina dafa rodi ɗaya in saki in kama na gaba. Hagu ruwa, dama kuma ƙasa can nesa. Aka yi walƙiya, na tuna ƙarfe ne a hannuna, na saki, na kusa tafiya. Na sake kamawa. Tsoro biyu ne, na zaɓi wanda zan iya.

Da na isa kusurwar dole na sauka cikin ruwan. Na sa ƙafa a hankali kamar mai taka ƙwai. Sanyinsa ya kai min gwiwa. Ban san ko da gaske ne ko tsoro ne ba, amma na ji kamar simintin yana numfashi a ƙarƙashin tafin ƙafata.

Buhun tumatir ɗin yana nan a bakin bututun. Shi ne ɗan lelena. Ya yi 'ya'ya sun fi dunƙulen hannun yaro, kore, ɗaya har ya fara canza launi. Inna na yi wa alkawarin na farko. Na rungumi buhun na ja, kamar na ja gini. Sai a lokacin na lura almakashina yana hannuna. Tun daga shago nake riƙe da shi ban sani ba, har ya yi min shaida a tafi. Na caka shi a jikin buhun na keta daga sama har ƙasa. Na kama gindin tumatir ɗin na tuge, na wurga shi ta bayan bulo. Na shiga kwasar laka da hannu biyu ina watsawa waje, ina kwasa ina watsawa, har na samu na ture ragowar gefe.

Na lalubo bakin bututun a cikin ruwa. Toshin yana ciki, ya sha ruwa ya kumbura. Na kama leda na ja, ta tsinke a hannuna. Na sa farce, babu wurin kamawa. Ɗinki na yi mai kyau, ninki biyu, ko bakin zare ban bari ba. Ban taɓa tsanar aikin hannuna irin ranar ba.

"Yaya! Zunguro!"

Na ji sandar tana bugun bututun daga ƙasa, tana kuskurewa. Gajeriya ce Mai Wanki, sai da ta hau kan bahon wanki a kife. Tana zungura tana faɗa, ban san da ni take ba ko da sandar.

Sai na ji wani abu ya faɗi a ƙarƙashina. Tim! Ƙarar ta bi ta ƙafafuna ta hau har kaina. Ba a waje ba ne, a cikin ɗakin ne.

Na tsaya cak. Ban ji kukan Inna ba, ban ji komai ba sai ruwa. Na san in na sauka in duba, sauran ma zai bi. Na san kuma wataƙila babu sauran abin da zan tsare. Na durƙusa cikin ruwan har wuya, ina kuka da ƙarfi ina kiran sunanta a bakin bututu kamar ta nan za ta ji ni. Na cusa tsinin almakashin cikin toshin iya ƙarfina, na buɗe shi a ciki, na murɗa. Daga waje sandar ta same shi daidai. Ya motsa. Na ja, ta turo, na ja. Ya fito gaba ɗaya, na faɗi da baya.

Bututun ya yi wani gurnani, ruwan ya tafi da ƙarfin da har ya ja min zani. Daga ƙasa na ji ihun Mai Wanki, duk a kanta ya sauka.

Ban tsaya ba. Na kwance murfin ƙasan duro biyun, na bi buhunan da ke saman ɗakin ina kecewa ina turawa ta bayan bulo, duk wanda na iya ɗagawa. Attaruhu ya tafi, kuɓewa ta tafi. Ban ji zafin ko ɗaya ba. Ina cikin haka na ji bugun ƙarfe a ƙasa, da muryar maza. Na gangaro matakalar rabi da ƙafa rabi da mazaunai.

Mai Walda ne, mijin Mai Wanki, da abokin aikinsa. Bai ɓata lokaci da hannun ƙofar ba, ya sa ƙarfe ta gefen maɗaurinta ya ɓalle, ƙofar ta faɗo waje. Ya ce kada kowa ya shiga sai shi. Kafin ya rufe baki na wuce ta ƙarƙashin hannunsa.

Wani ɓangaren filastar rufin ne ya ɓallo da guntun kankare a jikinsa, faɗinsa ya kai faifai biyu. Ya sauka a tsakiyar katifar, ya karya katakon gadon. Daidai wurin da ƙirjinta yake zama in tana rigingine. Sama kuma rodi ne a fili, baƙi, yana ɗiga. Inna tana manne da bango, farin gari ya rufe ta, jini yana bin bayan kunnenta inda wani ɓarɓashi ya yanke ta. Na taɓa wuyanta. Da ɗumi. Ta buɗe ido.

"Kin jiƙe," in ji ta.

Muka naɗe ta cikin bargon, maza biyun suka ɗauke ta, muka fita. Ban ƙara waiwayar ɗakin ba.

A ɗakin Mai Wanki aka kwantar da ita. Muka cire mata jiƙaƙƙun kaya, Mai Wanki ta jawo wata doguwar riga mai tsada daga cikin gugar mutane ta zura mata.

"Ta matar wani babban mutum ce," ta ce. "In ta tambaya zan ce ba ta bushe ba. Inna, yau kin fi mu gayu."

Ita kanta Mai Wanki ja ce tun daga ɗankwali har ƙafa. Ta kalle ni, na kalle ta.

"To ga rinin nan na samu," ta ce. Sai kuma ta fashe da kuka. "Da na san abin da za ki yi ke nan, da na matsar da igiyata. Igiya ce fa kawai, Tela."

Ta fita ɗora ruwan zafi. Mai Walda ya leƙo ya ce kada wanda ya kwana a gidan sai magini ya gani, kuma sauran buhunan gobe za su sauko da su duka. Na ce to. Ya ce da na tambaye shi tun farko. Na sake cewa to, ni da ba a gaya min magana in yi shiru.

Ruwa ya tsagaita. Na zauna a ƙasa kusa da katifar ina wanke wa Inna ciwon da tsumma.  Sai a sannan maganar safe ta dawo min, da juyawar nan da take sa ni yi kullum.

"Inna, tsagar nan ba tun yana nan ba ce, ko?"

Na matse tsumman, na ci gaba.

"Kin gan ta tun ran da ta fara. Kwance kike kina kallonta tana tafiya. Shi ya sa kike cewa in juya ki."

"Ba na son kallonta," ta ce.

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran da ke zuwa bayan tsoro. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

"To me ya hana ki faɗa min? Baki ɗaya za ki buɗe! Da ya faɗo a kanki fa? Me zan ce wa mutane? Me zan ce wa kaina? So kike a ce na kashe uwar mijina saboda tumatir?"

Ta bar ni na gama. Ta daɗe tana haɗa maganar a bakinta, ina ganin leɓenta yana wahala da ita.

"Rufin nan," ta ce, "ana jin komai ta cikinsa."

Ban gane ba.

"Da can kina hawa. Ki zauna a saman kaina. Ki yi ta kuka. Ina ji. Ba ni da ƙafar hawa."

Tsumman ya tsaya a hannuna.

"Sai na fara jin jan buhu. Sai zuba ruwa. Sai rannan na ji kina waƙa." Ta numfasa. "Ba ki iya ba. Amma kina yi."

"Inna…"

"Na ce in na faɗa, za ki sauko da su. Ki koma kuka. Na ce bari dai tumatir ya nuna."

Na kifa kaina a gefen katifar. Duk tsawon lokacin nan ina hawa sama don kada ta ji, ashe a kanta nake zama. Hannunta mai lafiya ya lalubo ɗankwalina da ke ɗiga, ya tsaya a wurin.

Mai Wanki ta shigo da ruwan zafi a hannu ɗaya, ɗan kwano a ɗayan. A tsakar gidanta shukar tumatir ɗin da na wurga ta faɗo, ta tsinto abin da bai fashe ba. Tumatir ne kore, duk laka, har da wanda ya fara canza launi. Ta ajiye a gabanmu. Na ture kwanon da ƙafa, ko ganinsu ba na son yi.

"Kawo," in ji Inna.

Na miƙa mata. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafinta, ta goge lakar a jikin rigar matar babban mutum.

"A sa a taga. Zai nuna." Ta kalle ni. "A tsakar gida akwai wuri. Bakin rijiya. Ƙasa ba ta faɗowa kan kowa."

"Na gama da shuka, Inna. Har abada."

"Ki shuka," ta ce. "Amma inda zan gan ki. Na gaji da ji ta rufi."